Wace al'ummar aka tuntuɓa kan wurin shaƙatawa na bakin ruwa?

Assalamu alaikum Malam Edita. Gaskiya shirinku na makon jiya kan wurin shaƙatawar da ake shirin ginawa a bakin kogi ya ɓata min rai, baƙon naku sai nanata "mun tuntuɓi al'umma" yake ta yi kamar hadda, shi kuma mai gabatarwa ko sau ɗaya bai tare shi ya ce wace al'ummar ba, yaushe aka yi, kuma me aka canza a zanen bayan an saurare ta. Haba!

Ni na zauna a irin wannan taron da yake ta yabo. Ƙarfe goma na safe aka sa shi ranar aiki, masunta ba su fito daga ruwa ba, masu wanki suna can suna fama da kayan mutane, to wa zai zo? Muna shiga muka tarar an riga an buga zanen a wani ƙaton allo mai sheƙi, ga fitilu ga bencina ga mutane suna ta yawo a hoton, amma babu kwale-kwale ko ɗaya, mashigar da ake sauke kaya ma an shafe ta an dasa furanni. Wani dattijo ya miƙe ya ce yallaɓai nan da kuka sa filin wasan yara, nan ne ruwa yake fara ci duk sanda kogin ya cika. Injiniyan ya yi murmushi ya ce za a duba. Aka zagayo da takarda muka sa hannu, aka ɗauki hoto, shi ke nan. Daga baya wannan sa hannun namu ne aka liƙa a takardar neman kuɗi wai amincewar jama'a. Duk abin da muka faɗa ranar ihu ne bayan hari.

Sannan baƙon naku ya kawo misalin Seoul ta Koriya ta Kudu, eh gaskiya ne sun rushe gadar sama a 2003 sun buɗe rafin Cheonggyecheon da ke ƙarƙashinta a 2005, kuma wurin ya yi kyau ba musu. Amma me ya sa bai faɗa muku ruwan da inji ake turo shi kullum daga kogin Han ba, wato kuɗin wuta ne da ba ya ƙarewa, kuma masu tebur da ke neman abinci a gefen hanyar kwashe su aka yi zuwa tsohon filin wasa na Dongdaemun? A Ahmedabad ta Indiya ma da aka gyara bakin kogin Sabarmati dubban iyalai aka tasa. Wannan ɓangaren ba ya shiga hoto.

Maganar kuɗin ma rabi ya faɗa, kuɗin gini kawai. Wa zai biya masu shara da masu gadi, wa zai canza fitila in ta mutu, wa zai gyara katangar in ruwa ya zaizaye ta? Su Brooklyn Bridge Park, wani wurin shaƙatawa na bakin ruwa a New York, tun 2002 aka rubuta cewa wurin shi zai riƙe kansa, shi ya sa aka gina gidaje da otal a gefensa suna biya. To in filayen gefen ruwa za a sayar ko tikitin shiga za a sa, a faɗa wa mutane tun zanen yana fensir, su ce sun yarda ko ba su yarda ba. Don Allah ku sake shirin, ku zaunar da masunci da mai wanki kusa da injiniyan nan mu ji.

Af, kuma layin wayarku ɗin nan, mutum ya yi ta kira katinsa na ƙonewa, in an ɗauka kuna gama gaisawa sai ku ce lokaci ya ƙure ku sa talla. Ku gyara mana.

Naku mai sauraro a kullum.