Zuwa ga ɗiyata, a kan kishiyata ƙarama

Assalamu alaikum. Ina fata kun tashi lafiya, ke da maigidan da yaran. Mu nan Kanwuri lafiya lau, sai dai zafin da kin sani.

Maganar da zan yi miki ba ta taron suna ba ce, shi ya sa na haɗiye ta ranar Asabar na ce gara in rubuto. A kan kishiyata ƙarama ne, wato ƙaramar 'yarki. Da aka zuba masu tuwo ta miƙa hannun hagu, kika daka mata tsawa a gaban mata, kika ce ita dai ba ta biyo kowa ba, ta dubi yayarta. Ke kin juya kin ci gaba da hira. Ni na ga ta cusa hannun cikin hijabinta, har aka ɗauke kwanon ba ta fito da shi ba.

Ki rarrabe abu biyu, ɗiyata. Akwai tarbiyya, akwai halitta. Cin abinci da dama, karɓar abu da dama, gaida manya, wannan tarbiyya ce, ki koya mata a hankali, ke da ita, ba a bainar jama'a ba. Amma zamanta bahaguwa, da baƙar fatarta, da rashin surutunta, ba ita ta zaɓa ba. Masana sun ce kusan mutum ɗaya cikin goma bahago ne, kuma daga ƙwaƙwalwa abin yake. Ki je da kanki ki gaya wa malaminsu ya bar ta ta riƙe alƙalami da hannun da ya fi mata. A allo ma riba gare ta, tunda rubutun daga dama yake tafiya zuwa hagu, hannunta ba zai shafe tawada ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganar fata. Yayarta fara ce, kowa ya shigo sai ya ce tubarkalla, ita kuma a ce mata "baƙa" ana dariya. Wasa ne a wurin mai faɗa. Yarinya 'yar shekara biyar ba ta san wasa ke nan ba, abin da ta ji shi ne an auna ta an ga ta gaza. Na same ta a ɗakinki ta bulbula hoda a damtsenta tana murzawa, tana kallon madubi. Na ji kuma wata daga cikin ƙawayenki tana ba ki shawarar man haɗi, wai ɗan kaɗan ne don ta "washe". Kada ki kuskura. Irin waɗannan mayuka ana zuba masu sinadaran da ke sirantar da fata, wasu har ƙoda suke taɓawa, kuma fatar yaro ta fi ta babba saurin sha. A 2023 hukumar NAFDAC mai kula da abinci da magunguna ta fito ta ce bilicin ya zama babbar matsalar lafiya a ƙasar nan. Ko da ma babu cutar jiki, me kika gaya mata ranar da kika fara shafa mata? Allah da kansa, a Suratur Rum, ya lissafa bambancin harsunanmu da launukanmu cikin ayoyinsa. A Hujurati kuma ya hana jifar juna da sunayen banza, bai ce ban da yara ba.

Kin taso kina jin sunan Nana Asma'u, bari in tuna miki wani abu. 'Yan biyu aka haife su a 1793, ɗan'uwanta Hassan. Bisa al'ada an san sunan da za a sa mata, amma mahaifinta Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya ba ta nata na daban. Ta girma ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kafa 'Yan Taru, jajinta suna shiga ƙauyuka da malfa a ka suna karantar da mata. Da an tsaya ana ce mata dubi wane, dubi wance, a gidan da kowa malami ne, ai da ba ta rasa wanda za a kwatanta ta da shi ba.

Na san za ki ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ne a wajen hali. Sai dai manomin bakin Rima ya san shinkafa fadama take so, gero kuma tudu, in ya musanya duk biyun asara zai yi. Yayarta mai baki ce, ta iya hadda, tana son a kalle ta. Wannan kuwa mai lura ce. Ki ba ta zare da duwatsun ado ki ga yadda za ta jera su launi-launi, babu mai ce mata ga yadda ake yi. In ta kawo miki, ki ajiye waya ki duba, ki tambaye ta me ya sa ta sa ja kusa da kore. In kin tambaye ta abu, ki jira amsa, kada yayar ta amsa mata. Ranar Juma'a ki fito da riga biyu ki ce ta zaɓa, ko da wadda ba ta yi miki ba ta ɗauka.

Kuma ki rungume ta. Mu mun taso da kunyar 'ya'ya, amma a lokacin gida cike yake da kaka da gwaggo da inna masu cike gurbin. Ku yanzu daga ke sai su a gida mai get. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sumbaci jikansa Hassan a gaban Aƙra'u ɗan Habis, wanda ya ce 'ya'yansa goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, kin san amsar da ya samu.

Ki nuna wa maigidan takardar nan in kin ga dama, don kalma ɗaya daga bakin uba tana da nauyi wurin ɗiya mace. Ranar Alhamis babu makarantar allo, ki sa a kawo mini ita, ita kaɗai, ta wuni. Ki gaida angona, ki ce masa har yanzu ina jiran kuɗin cefane.

Innarki.