The Suburbs ba waƙar kewar ƙauye ba ce

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne a kan shirinku na kiɗa na daren Asabar da ta gabata. A nan wajenmu lokacin da rana ne, ina bakin aiki ina sauraronku ta waya, kuma wallahi sai da na faka mota a gefen titi don in tabbatar da abin da kunnena ke ji. Har sau uku malamin da ya gabatar yana cewa kundin The Suburbs na ƙungiyar Arcade Fire waƙoƙin kewar ƙauye ne. Bai tsaya nan ba, ya shigo da wasan dandali da farin wata da tatsuniyar kaka. Haba malam! Wane ƙauye?

Shekarata goma sha ɗaya a Houston, sana'ata kai wa mutane kaya gida-gida. The Woodlands, inda jagoran ƙungiyar Win Butler da ƙanensa Will suka tashi, na shige shi ya fi a ƙirga. Yana arewa da Houston, tafiyar kimanin kilomita 45. Wani attajirin man fetur, George Mitchell, shi ya sa aka zana garin a takarda, aka buɗe shi a 1974. Gidajen masu hali ne a cikin itatuwa, kowane da ciyawarsa da aka aske da garejinsa. Mutum ya dawo daga aiki, ƙofar gareji ta ɗaga da kanta, ya shige da motarsa, ta rufe, shi ke nan. Ba ka ganin kowa a ƙafa sai mai motsa jiki ko mai yawo da kare. Ba mai shayi, ba majalisa a ƙofar gida, ba wanda zai ce maka sannu da rana. Na sha ajiye kaya a layi guda tun safe har azahar ban yi magana da ɗan Adam ba. Wannan ne ƙauyen?

Na san kalmar suburbs tana da wuyar fassara. In aka ce bayan gari, kowa ya san inda hankalin Bahaushe zai tafi. To sai a ce sabbin unguwannin gefen birni, ko rukunin gidaje, a yi bayani. Da an yi haka da ban ɗauki alƙalami ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda ya mayar da kundin kamar alawa, wai daɗin yarinta kawai. Waƙa 16 ce a ciki, anya ya saurari ko uku? Akwai zaman kashe wando na samarin da ba su da wurin zuwa sai yawo a keke da mota. Akwai aminan da suka rabu har suka zama kamar abokan gaba, a Suburban War. A Sprawl I mutum ne ya koma neman gidan da ya tashi, cikin duhu ya kasa ko karanta lambar gidan. We Used to Wait kuwa kan zamanin rubuta wasiƙa ce da jiran amsa, kafin komai ya koma danna waya. Kewa tana nan, amma a cakuɗe take da haushi da tsoro.

Ni ba ɗan Texas ba ne, amma wannan Sprawl I ɗin ta taɓa sa ni hawaye. A kwatas ɗin ma'aikatan masaƙa na tashi a Kaduna, gidaje iri ɗaya a jere kamar an buga su da hatimi. Da na je gida a 2019 na ɗauki ɗana in nuna masa filin da muke buga ƙwallo. Babu fili. Shaguna ne hawa biyu da gidan mai. Masaƙar ta daɗe da rufewa, maƙwabta sun watse, bishiyar mangwaron ƙofar gidanmu an sare. Na yi ta kai da kawowa a layin, yaron yana tambayata, Baba wanne ne namu? Sai da wani tsoho mai faci ya nuna mini. Irin wannan kewar kundin yake magana a kai, kuma yaran Kundila da Barnawa da Gwarinpa da yawa za su gane ta in aka faɗa musu daidai.

Gaskiya ɗaya, ya faɗi daidai cewa kundin ya fito a Agustan 2010, kuma a Fabrairun 2011 ya ci lambar yabon waƙa ta Grammy ta kundin shekara, ya kayar da su Eminem da Lady Gaga da Katy Perry. Amma ya kira su 'yan Amurka kawai, alhali a Montreal ta Kanada ƙungiyar take. Régine Chassagne da ta rera Sprawl II ma iyayenta daga Haiti suka gudo a zamanin mulkin Duvalier, ko sunanta bai ambata ba.

Tun da na riga na fara, bari in ƙara da wannan. Don Allah ku yi wani abu game da tallan maganin basir ɗin nan. Ƙararsa ta ninka ta shirin, ga kalaman da mutum ba zai so ya ji a gaban 'ya'yansa ba. Ranar Asabar ɗin ma waƙar ba ta kai minti ɗaya ba kuka datse ta saboda shi.

Ina roƙon a gyara maganar ƙauyen nan a shiri mai zuwa, a kuma sa Sprawl II daga farko har ƙarshe, ba tare da mai magani ya faɗo a tsakiya ba. A gaishe da ma'aikata.

Naku,
Mai sauraronku daga Houston, Amurka