Motocin ƙauyukan Legas na buƙatar mai tsara su guda ɗaya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan zirga-zirga a ƙauyukan Jihar Legas, domin mutanenmu da yawa in an ce Legas gadoji da dogayen benaye kawai suke hangowa, alhali da ka wuce garejin Ikorodu ka kama hanyar Imota, Agbowa, Itoikin har Epe, gonaki ne da daji da bakin ruwa, kuma 'yan Arewa na nan birjik, masu lambu, 'yan acaba, masu sarin kayan miya daga Mile 12 suna kai wa cikin lungu. Haka ɓangaren Badagry.

Gaskiya cikin gari an yi ƙoƙari, ba zan ɓoye ba. Tun 2008 BRT, wato manyan bas masu layinsu daban a kan titi, ke gudu daga Mile 12 zuwa CMS, a 2015 aka ja layin har Ikorodu, a 2020 aka fito da katin Cowry na biyan kuɗin mota, jirgin ƙasa na Blue Line ya fara ɗaukar fasinja a 2023, na Red Line a 2024, kuma duk LAMATA, hukumar sufurin Legas, ce ke tsara su, shi ya sa da kati ɗaya za ka hau bas ka sauka ka hau jirgi. To amma tsarin nan a Ikorodu yake cijewa. Daga nan kuma kowa tasa ta fisshe shi.

Motoci ba su yi kaɗan ba fa, kar a ce ina kukan rashin mota. Akwai bas ɗin danfo, akwai ƙananan bas da ake kira korofe, akwai keke, akwai acaba (waɗanda aka hana aiki a wasu ƙananan hukumomin cikin gari a 2022 ai da yawansu can gefe suka koma), ga kwalekwale mai inji a bakin ruwa. Matsalar ita ce babu mai jiran wani, kowace tasha da shugabanta da tikitinta da farashinta, farashin ma da safe daban, in hadari ya haɗo daban. Je ka tsaya a ɗaya daga cikin tashoshin nan da hantsi ka ga ikon Allah, motoci uku hanyarsu ɗaya, kowacce da mutum huɗu ko biyar a ciki, ba wadda za ta tashi sai ta cika, wani lokacin ma biyu daga cikin mutanen 'yan zaman mota ne da ɗan kamasho ya zaunar don a ga kamar an kusa cika, kana shiga ka biya sai ka ga sun sulale ɗaya bayan ɗaya. Ga baiwar Allah da bahon kifi a cinya, ƙanƙarar na narkewa ruwan na bin ƙafafun mutane, ita kuma sai leƙe take ta taga ko wani zai zo. Kafin ta isa Ikorodu kasuwar safe ta watse. Mai alayyahu ma haka, ganyen ya yi laushi tun a but.

Direban ma ba daɗi yake ji ba. Tunda aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ba wanda zai ƙona fetur da rabin fasinja, ga balas na mai mota da yamma, ga tikiti kala-kala a hanya. In dai kuɗinsa a kan kawunan da ya ɗauka yake, dole ya jira, kuma dole ya guji ƙauyen da mutum uku ne kawai za su fito, shi ya sa in magariba ta yi wasu garuruwan sai acaba, a kuɗin da ya ga dama.

Abin da nake ba da shawara, a samu hannu ɗaya da zai tsara hanyoyin ƙauyukan nan gaba ɗaya, ko LAMATA ɗin ce ko wani kwamiti da ƙananan hukumomin yankin za su zauna a ciki. A haɗe motocin da ke bin hanya ɗaya su zama layi ɗaya mai lokaci, a ce duk rabin awa ko duk awa mota za ta tashi ko ta cika ko ba ta cika ba, a riƙa biyan direba kan tafiyar da ya yi maimakon yawan fasinja, ribar hanya mai cunkoso ta rufe giɓin hanyar da ba mutane. Sannan lokacin ya dace da na BRT da na jirgin ruwa a Ikorodu, katin Cowry ya yi aiki tun daga Agbowa. Ƙasar Suwizalan tun 1982 take kan irin wannan jadawalin, bas ɗin ƙauye na isowa tasha dab da zuwan jirgi, kuma su ma duwatsu ne da ƙananan garuruwa. Mu nan ma akwai ƙananan bas na First and Last Mile da aka ƙaddamar a 2021, su ya kamata a tura can sosai. Kuma tunda hanyoyin nan suna shiga Ogun suna fita, yarjejeniyar haɗin gwiwa da jihohin biyu suka sa wa hannu a 2021 ta yi amfani a nan mana.

Na san inda gizo ke saƙar, 'yan tasha. Mutumin da ke karɓar kuɗi a hannu kullum ba zai yi murna da kati ba, kuma in aka ce za a kore su a kawo kamfani daga sama wallahi abin ba zai kai wata uku ba. A shigo da su ciki, direbobin da suka san hanya su yi rajista a matsayin ƙungiya a ba su kwangilar layin, ɗan kamasho ya zama mai duba kati da albashi. A nan nake kira ga sarakunan Hausawa na Ikorodu da Epe da Badagry da shugabannin kasuwar Mile 12, ranar da za a zauna kar a bar yaranmu 'yan acaba da keke a waje, su ne ke shiga inda mota ba ta shiga, a ba su zango a bakin kowace tasha da farashi a rubuce.

Edita, don Allah ku tura wakilinku na Legas ya bi hanyar Itoikin ranar kasuwa, ya tashi daga Epe da asuba da motar haya, ya rubuto mana ƙarfe nawa ya iso Mile 12 da nawa ya kashe.

Naku,
Mai sarin kayan miya, Mile 12, Legas