Kada Ka Mayar Da Shi Akwati

Jidda, daren Juma'a

Aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da Hajiya da uwargida da yara. Yaya ƙafar Hajiya, ta sauka? Yaya zaman Kassala, har yanzu wutar kahraba tana yi muku wasan ɓuya? Mu nan sai godiya. Azumi ya matso, shago ya cika da yadi, kowa yana son jallabiyarsa kafin Sallah, sai bayan isha'i nake samun kaina.

Hotunan babi ukun littafinka da ka turo sun iso lafiya. Na fara karantawa bayan na rufe shago, ban ajiye wayar ba sai da na ji kiran assalatu. Da gari ya waye kuma na tarar da saƙon muryarka, wai in karanta in share, shirme ne kawai na zaman banza. To ban share ba, kuma ba zan share ba. Shi ya sa na zauna na rubuto maka doguwar wasiƙa maimakon in kira ka, don magana ta waya iska ce, ni kuwa ina son abin da za ka koma ka sake dubawa duk ranar da zuciyarka ta karaya.

Ka tuna yadda ka fito daga Madani a Disambar 2023, da yaƙin Sudan ya iso garin. Kai da bakinka ka ce mini ka bar firji, ka bar keken ɗinkin uwargida, ka bar littattafan koyarwarka na shekara goma sha tara, amma ka ƙulle littattafan rubutun nan shida a leda ka cusa su ƙarƙashin riga. Mutumin da yake gudun ceton rai ba ya ɗaukar shirme, aminina. Hannunka ya riga bakinka faɗar gaskiya.

Wurin da ya tsayar da ni shi ne babi na biyu, bayan ayarin masu tafiya Makka ya wuce Adre, a iyakar Chadi da Sudan, inda Iya, wadda labarin yake kanta, ta binne ɗan goyonta a bakin kwari. Ka rubuta cewa ta kwance zanen goyo, ta rasa inda za ta sa shi, sai ta mayar ta ɗaura a baya, ta yi ta tafiya da shi babu kowa a ciki har Janaina, kuma babu wanda ya iya ce mata ta kwance. Ba ka ce ta yi kuka ba. Ba ka tsaya yi mana bayanin zafin rashin ɗa ba. Ka bar zanen ya yi magana. Na ajiye wayar na fita waje na tsaya a ƙofar gida. Wannan abin ba a koyon sa a aji, kuma na karanta littattafan Hausa masu yawa da aka buga aka sayar waɗanda babu shafi ɗaya irinsa a cikinsu.

Ka ce babban abin da ke damun ka shi ne Hausarka, wai ta gauraya da Larabci, mutanen Kano za su yi maka dariya. Na san wannan ciwon, don ni ma an taɓa yi mini shi. Amma ka duba da kyau. Bakano yana cewa mota, kai kana cewa arabiya. Yana cewa lantarki, kana cewa kahraba. Shi ya aro wajen Bature, kai ka aro wajen Balarabe, to wa ya fi wani tsarki a nan? Harshe yana cin abincin garin da ya kwana. Ban da haka, akwai kalmomi a bakin Iya da ka adana waɗanda ta taho da su tun daga ƙauyensu, ta riƙe su shekara sittin a yankin Jazira na Sudan ba su lalace ba, alhali jikokin 'yan'uwanta da suka zauna a gida sun sake su. Shawarata ita ce, in mutanen labarin suna magana ka bar su su yi ta yadda suke yi, da arabiyarsu da shugul ɗinsu. In kai mai ba da labari ne kake magana, ka rage, ka kuma shirya jimlar yadda mai karatu a Katsina ko Maraɗi zai gane ma'anar daga abin da ke kewaye da ita. Kada ka wanke Hausar Iya har ta koma Hausar rediyo. In ka yi haka ka kashe ta karo na biyu.

Kuma wa zai rubuta wannan labarin in ba kai ba? Kakanninmu sun tako daga Kano da Haɗeja da Sakkwato, ta Maiduguri, ta Fort Lamy, ta Abeshe, ta Fashir da Nahud da Ubayyid, da niyyar su hau jirgin ruwa a Sawakin su tsallaka Bahar Maliya. Guzuri ya ƙare, suka tsaya tsinkar auduga a gonakin Jazira, waɗanda madatsar ruwan Sinnar ta raya tun 1925, wai shekara ɗaya su tara kuɗin jirgi. Shekara ɗaya ta zama arba'in. Wasu sun mutu suna kiran kansu matafiya. A Nijeriya abin da aka sani kawai shi ne wane ya tafi Gabas bai dawo ba. Nan labarin yake yankewa a wajensu, ragowarsa kuwa yana hannunmu.

Sai maganar da ka yi ta cewa kai malami ne, yara na kiran ka ustaz, ina kai ina ƙaga labari. Wannan damuwar ta girme mu duka. A 1933, da Rupert East na Hukumar Fassara a Zariya ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa, sai da ya yi yawo gari-gari yana lallashin malamai, don a ganinsu rubutu na ilimi ne da wa'azi, tatsuniya kuwa ta mata da yara ce. Daga wannan gasar aka buga littattafai biyar. Abubakar Imam, mai Ruwan Bagaja, malamin makarantar Midil ta Katsina ne a lokacin, shekararsa 22. Abubakar Tafawa Ɓalewa, mai Shaihu Umar, shi ma malamin makaranta ne a Bauci, tun kafin kowa ya yi mafarkin zai zama Firayim Minista. Babu wanda ya riga su da za su kwaikwaya, littafinsu na farko ne, kuma ga shi har yau ana karantawa a makarantu. Ka dubi kuma Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta aka aurar tana yarinya, sai daga baya ta koma ajin yaƙi da jahilci. Littafinta na farko ya fito a 1987, kuma a 2012 an buga fassarar wani littafinta da Ingilishi a ƙasar Indiya. Kai da kake da nahawu da balaga a ka, me za ka ce mata?

Yanzu kuma ka yi haƙuri da abin da zan faɗa, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Babi na ɗaya bai yi ba. Shafi goma sha takwas ka yi kana ba mu tarihi: zuwan Turawa, yaƙin Burmi na 1903, shahadar Sarkin Musulmi Attahiru, yadda ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a har suka kafa gari a bakin kogin Nilu kusa da Sinnar. Duk gaskiya ne, kuma duk mun taso da shi. Amma a nan ustaz ne yake tsaye gaban allo, marubucin bai iso ba tukuna. Na san dalilin da ya sa ka yi haka. Tsoro ne. Kana son ka fara nuna wa mai karatu cewa kana da sani kafin ka yarda ka ba shi labarin wata tsohuwa da ba ta san alif ba. Ba ka bukatar wannan izinin. Ka fara daga asubar da Iya ta rufe ɗakinta ta ba maƙwabciya ajiyar tukunya, ta ce za ta karɓa in ta dawo. Burmi kuwa ka sa ta a bakin tsohon nan madugun ayari, ya ba da ita da dare a gefen wuta, cikin shafi biyu, yadda wanda ubansa ya mutu a can zai ba da ita. Na san yanke shafi goma sha shida da ka rubuta da hasken tocila yana da ciwo. Amma wanda ya yarda da labarinsa da gaske shi ne yake iya yanka, don ya san abin da ya rage zai tsaya da ƙafarsa.

Ka san nawa labarin, sai dai akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. Da na gama littafina, na kai wa wani dattijo da nake ganin girmansa a nan. Ya juya shafi biyu ya miƙo mini, ya ce Takari me ya sani da Hausa. Magana ɗaya ce, amma ta sa na rufe shi a akwati shekara goma sha ɗaya. Sai a 2022, da aka rushe unguwarmu ta Karantina muna haɗa kaya, babbar 'yata ta ci karo da shi. Ta zauna kan katifar da aka naɗe tana haɗa baƙaƙen boko da ƙyar, tana karanta wa uwarta, su biyu suka manta da mai motar da ke jira a waje. Ranar na gane shekarun nan ni na ba dattijon su da hannuna, shi ya daɗe da mantawa da ya faɗa. Ba na son ka yi irin wannan kyautar ga kowa.

Game da bugawa, ba zan yi maka romon baka ba. A Kano yawanci marubuci shi ke ɗaukar nauyin kansa: ya biya mai buga rubutu a kwamfuta, ya biya mai zanen bango, ya biya maɗaba'a, ya nemi lambar ISBN daga Ɗakin Karatu na Ƙasa, sannan ya kai wa masu sayar da littattafai. Haka aka yi ta yi tun shekarun 1980. Kasuwar takarda kuma ta ja baya sosai, masu karatu sun koma waya, WhatsApp da Wattpad da masu karanta littafi da murya a YouTube. Ni kwafi 500 na buga, har yanzu akwai kwali biyu a ɗakin kawuna. Ban mayar da kuɗina ba. Kuma na yi kuskuren tura kuɗin gaba ɗaya ba tare da na ga gwajin bugu ba, littafin ya fito babu ƙugiya ko ɗaya, ƙasa ta koma kasa, ɓata ta koma bata, ɗaki ya koma daki. Don haka kai in lokacin ya zo, a rubuta yarjejeniya, a biya kashi-kashi, kuma kada a ɗora a inji sai mun duba kowane shafi da idonmu. Kada kuma ka saki littafin dukansa a zauren WhatsApp don jin daɗin yabo, kafin mako ya zagayo za ka gan shi yana yawo an cire sunanka. Babi ɗaya ko biyu sun isa ɗanɗano. Akwai kuma reshen Kano na Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, suna zaman karatu, zan nemi wanda zai karanta musu babin Adre mu ji abin da za su ce.

Duk da haka ban yi nadama ba. Wata baiwar Allah daga Damagaram ta nemi lambata ta turo saƙo, ta ce mahaifiyarta ta tafi Makka tana ƙarama ba ta dawo ba, ta yi shekaru tana jin haushinta, sai a littafina ta fara tunanin irin rayuwar da matar ta yi a can. Ta yi magana minti bakwai. Ina da saƙon har yanzu.

Saura batun ajami, wanda na san shi ne katangar da kake laɓewa bayanta. Gaskiya ne masu bugawa da yawancin masu karatu boko suke so. To ni ina da boko, albarkacin shekara huɗun da na yi a Kano wajen kawu, kai kuma kana da labari. Ka ci gaba da rubutu da baƙaƙen da hannunka ya saba da su, ka ɗauki hoto ka turo, ni zan juya shi bayan na rufe shago. Abu ɗaya nake roƙo, ka riƙa sa wasulla cikakku, musamman a sunayen mutane da garuruwa, don a babi na uku na rasa ko rijiyar nan Kuka ce ko Koka. Kuma duk shafin da ka ɗauka ka tura wa ƙanenka na Gadarif shi ma, kada ya zama kwafi ɗaya ne a duniya, ka ga yadda zamanin yake.

Ka ce littafi na shida bai cika ba, ka tsaya a inda Iya ta isa Sawakin ta ga teku, ka kasa ci gaba wata biyar. Ina jin na san dalili, kana tsoron rubuta cewa ba ta tsallaka ba. Rubuta shi haka nan. Shafi ɗaya bayan sallar asuba kafin yara su tashi, ko da mara kyau ne, za mu gyara.

Ina jiran babi na huɗu ranar Juma'a mai zuwa. Wani ɗan Kassala da ke aiki kusa da shagonmu zai taho ta Port Sudan bayan Sallah, zan ba shi littattafan rubutu guda biyar da biro da turaren Hajiya. Ka gaishe ta ƙwarai, ka tambaye ta sunan maƙwabciyar da aka ba ajiyar tukunyar, ita kaɗai ta rage da za ta iya tunawa.

Wassalam.

Naka har kullum,
Amininka na Jidda