Saƙo ga 'Yan Uwa 'Yan Maraɗi Mazauna Waje kan Ficewar Nijar daga CEDEAO

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu da ke Kano, Legas, Kwatano, Lome, Akara, Kumasi da Abijan, da ku da ke Faransa, Beljiyam, Amurka da Saudiyya, kwamitin ƙungiya na gaishe ku, ku da iyali. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.

Abin da ya sa muka rubuto shi ne gardamar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa tsakaninmu kan ficewar Nijar daga CEDEAO, wato ECOWAS, ƙungiyar tattalin arziƙin ƙasashen Afirka ta Yamma. Musayar ra'ayi ba laifi ba ne, amma abin ya kai wasu sun daina zuwa taron wata, wasu sun janye hannu daga zubin asusu. Ana ce wa wannan yaron Faransa, ana ce wa wancan ɗan amshin shatan soja. Dattawan ƙungiya suka ce shiru ya isa haka.

Masu murna da ficewar suna da hujja, kuma duk ɗan Maraɗi ya san ta. Kwana huɗu bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 da ya kifar da Mohamed Bazoum, shugabannin CEDEAO suka taru a Abuja suka rufe iyakoki, suka daskarar da kuɗin ƙasa, suka ba sojoji mako guda tare da barazanar yaƙi. Najeriya ta yanke wutar da Nijar ke samun kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkinta daga gare ta. Wa ya sha wuya? Mai awo a kasuwa, da tsohuwa mai ciwon suga da aka rasa mata magani, da direban da motarsa ta yi watanni a bakin iyaka, da manomin wake da aya da ya rasa hanyar kai amfaninsa Dawanau. Sarkinmu har gobe Sarkin Katsina ake ce masa, kuma da wuya a sami gida a Maraɗi da ba shi da dangi a Jibiya ko Katsina. A ce za a auko wa irin wannan wuri da yaƙi, abu ne da ya yi wa mutane ciwo ƙwarai, kuma ba mu kaɗai ba: sanatocin arewacin Najeriya sun fito sun ƙi, malamai da sarakuna suka yi ta zirga-zirga zuwa Yamai don kashe wutar. Ko da aka ɗage takunkumin a 24 ga Fabrairu 2024, bakin alƙalami ya riga ya bushe, domin Janar Abdourahamane Tiani da takwarorinsa na Mali da Burkina Faso sun sanar da fita tun 28 ga Janairu. Kwamiti na ganin wannan takunkumi zalunci ne a kan talaka, ba ma ɓoye hakan.

Masu fargaba su ma suna da tasu hujjar, kuma a nan muke so mu daɗe, don ta shafi wuyanmu kai tsaye. Da Nijar aka kafa CEDEAO a Legas a 1975. A 1979 aka sa hannu kan yarjejeniyar zirga-zirga wadda ta ba ɗan kowace ƙasa ikon shiga wata ba biza har kwana 90, daga baya aka ƙara da ikon zama da kafa sana'a. A kan wannan takarda yawancinmu muka ɗauki jaka muka fita. Mai sayar da albasa a Akara, mai suya a Legas, mai gadi a Abijan, mai canji a Kumasi, duk inuwarta suke sha ko da ba su taɓa karanta ta ba. Gaskiya ne ba kullum take kare mu ba. Dattawanmu na tuna korar baƙi ta 1983 zamanin Shagari, bayan an riga an sa hannu, kuma Najeriya ta rufe iyakarta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 muna cikin ƙungiyar tsundum. Duk da haka, a wancan lokacin wanda aka takura wa yana da abin da zai nuna ya ce an taka masa haƙƙi. Waɗanda suka ga korar Gana ta 1969, lokacin Busia, da aka ba baƙi mako biyu su tattara nasu ya nasu, sun san yadda zaman baƙo yake idan babu wata yarjejeniya a bayansa.

Ga inda aka tsaya. Ficewar ta tabbata ranar 29 ga Janairu 2025, bayan cikar shekara guda da dokar ƙungiyar ta tanada. A ranar CEDEAO ta umarci ƙasashenta su ci gaba da karɓar fasfo da katin shaida na 'yan ƙasashen uku masu ɗauke da tambarinta, su bar mutane su shiga su zauna ba biza, su bar kaya su wuce kamar da, har sai an sanar da wani sabon mataki. Ƙawancen AES na Nijar, Mali da Burkina Faso shi ma ya ce ƙofarsa a buɗe take ga 'yan CEDEAO, kuma tsohon fasfo zai yi aiki har wa'adinsa ya ƙare. Wannan alheri ne, mun gode Allah. Sai dai alfarma ce da wani taron shugabanni zai iya janyewa da rana tsaka. Kuma an fara ganin canji a harkar kaya, domin a Maris 2025 AES ta sa harajin kashi 0.5 cikin 100 kan kayan da ake shigowa da su daga waje.

Halin da muke ciki ma ba ɗaya ba ne. Nijar na nan cikin UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu kuɗin Sefa, da Sefa muke ciniki, saboda haka 'yan uwa da ke Benin, Togo, Kodebuwa da Sanagal suna da wata igiyar da za su riƙe. Najeriya da Gana ba sa cikin UEMOA, kuma can ne jama'armu suka fi yawa. Ku kuma na Turai da Amurka, takardar zamanku ba ta da alaƙa da CEDEAO ko kaɗan. Don Allah, 'yan uwa, idan za ku yi magana ku tuna da haka. Zafin kalamai ya fi fitowa daga ɓangarenku, alhali wanda zai tsaya gaban jami'in shige da fice a Seme ko Aflao yana can Agege ko Nima da 'ya'ya da mata.

Ƙungiya ba za ta fitar da sanarwar goyon baya ko ta adawa ba. An kafa ta ne don jana'iza, da jinya, da kuɗin makarantar marayu, da mai da gawa gida, kuma mai goyon AES da mai kewar CEDEAO duk a asusu ɗaya za a yi musu waɗannan. Mai son siyasa ga fili nan, ya yi da sunansa. Amma zagin iyaye da kiran ɗan uwa maci amanar ƙasa a zauren ƙungiya, daga yau shugaban reshe zai ja kunne sau ɗaya, in aka sake sai a kai maganar gaban dattawa.

Abin da muke roƙo da babbar murya shi ne kowa ya gyara takardunsa tun ana zaman lafiya. A duba ranar ƙarewar fasfo. Wanda bai da katin ofishin jakadancin Nijar na ƙasar da yake ya je ya yi. Abin da ya fi damun kwamiti shi ne yaran da aka haifa a waje: da yawa ba su da takardar haihuwa ta can, ba su da ta gida, kuma idan dokoki suka tsananta su ne za su rasa ƙasar da za su kira tasu. Iyaye mata, ku matsa wa mazajenku a kan wannan. Masu shago su yi rajista, su adana rasit na haraji da na haya. Masu safarar kaya kuma su riƙa tambayar halin hanya kafin su yi lodi, musamman ta Gaya da Malanbil, inda rikicin Nijar da Benin ya tsayar da motoci ya karkatar da kaya zuwa tashar Lome.

Kowane reshe ya zaɓi mutum biyu, namiji da mace, su bi gida gida su rubuta waɗanda ba su da cikakkun takardu, su aiko wa sakatare kafin taron wata mai zuwa. Wanda ba shi da halin biyan kuɗin takarda ya faɗa wa ma'ajin reshensa a asirce, asusu zai taimaka gwargwadon iko. Waɗanda suka daina zuwa taro saboda ɓacin rai, dattawa za su kira ku ɗaya bayan ɗaya, muna roƙon ku amsa.

Allah Ya zaunar da Nijar da maƙwabtanta lafiya.

Wassalam,
Sakataren ƙungiya, a madadin kwamiti