Rahoton Ayyukan Shekara: Lafiyar Ƙwaƙwalwar Ɗaliban Fannin Lafiya

'Yan uwa mambobi, barkanmu da ganin ƙarshen wannan shekarar karatu. Ga bayanin abin da muka yi da amanar da kuka ɗora mana, da abin da ya gagare mu.

Da alƙaluma uku muka buɗe shekara. A 2016 mujallar JAMA ta buga wani nazari da ya tattara binciken da aka yi kan ɗaliban likitanci a ƙasashe sama da 40. Kashi 27.2 cikin ɗari suna da ciwon damuwa ko alamominsa, kashi 11.1 kuma tunanin kashe kai ya taɓa zo musu. Na ukun ne ya fi tsaya mana a rai: cikin waɗanda gwaji ya nuna suna da alamomin ciwon, kashi 15.7 kacal suka nemi magani. Mutanen da ke wuni a asibiti, suna haddace alamomin cutar saboda jarrabawa, su ne ba sa kai kansu gaban likita. Masu karatun likita aka bincika, amma wanda ya zauna da 'yan uwanmu na jinya, ungozoma, harhaɗa magunguna da gwaje-gwaje ya san kukan ɗaya ne. Saboda haka duk aikinmu na bana ya karkata ne ga rage nisan da ke tsakanin mai ciwo da ƙofar likita.

Zaman sauraro na mako-mako shi ne ƙashin bayan aikin. Ranar farko mun jera kujeru a da'ira, aka zauna, kowa ya sunkuyar da kai, har muka fara tunanin tashi. Can sai wata ɗalibar jinya ta ba da labarin daren da majinyaci ya fara rasuwa a hannunta. Ta ja masa mayafi, ta wanke hannu, aka tura ta gado na gaba, da safe kuma ta shiga jarrabawa. Babu wanda ya tambaye ta yaya zuciyarta. Tana rufe baki sai maganganu suka ɓarke: warin fomalin, sinadarin adana gawa, na ɗakin gawa da ke bin mutum har makwancinsa, tsawar da ake daka wa ɗalibi a gaban majinyaci lokacin zagaye, kunyar maimaita aji, da iyayen da tun shekarar farko suke kiran ɗansu likita.

Dokokin zaman uku ne. A ajiye waya, abin da aka faɗa a ɗakin ya tsaya a ɗakin, kuma kada a ba da shawara sai an nema. Ta ƙarshen ce ta fi ba mu wuya, domin an horar da mu mu ji alama mu faɗi cuta. Sai da muka koyi yin shiru.

Mun kuma horar da masu sauraro daga cikinmu, bisa jagorar agajin farko na tunani da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2011. Matakanta uku: duba, saurara, haɗa. Mai sauraro ba likita ba ne, ba ya faɗin cuta, ba ya rubuta magani. Nauyinsa yana wajen haɗa mutum da ƙwararre, kuma a nan muka gano abin da ke tsare ɗalibai. Ba rashin sani ba ne, tsoro ne. Likitan ƙwaƙwalwar da za ka je wurinsa wataƙila shi zai zauna gabanka ranar jarrabawar baka, katinka kuma zai bi ta hannun abokan karatunka. Mun yi ta sintiri a ofisoshi har aka amince ɗalibi ya ga ƙwararren da ba ya koyar da shi, kuma a ajiye katinsa daban. A ganina wannan ce babbar nasarar shekara, ko da yake babu hoton da za a nuna a kanta. Wanda ya ji nauyin zuwa shi kaɗai, mai sauraro kan raka shi har bakin ƙofa.

Akwai wuri ɗaya da sirri ba ya aiki, kuma muna faɗa wa kowa tun farko: in rai na cikin haɗari, za mu kira taimako nan take. Mun koya wa masu sauraro su yi tambayar kai tsaye, ba kwana-kwana, domin tambayar mutum ko yana tunanin kashe kansa ba ta dasa masa tunanin.

Ranar 10 ga Oktoba, Ranar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Duniya, mun yi taro. Mun raba takardar PHQ-9, ta gwajin alamomin ciwon damuwa, mai tambayoyi 9 kan yadda mutum ya ji a makonni biyu da suka wuce, tare da jan kunne cewa ma'auni ce, ba hukuncin likita ba. Mun kuma karanta layin da Ƙungiyar Likitoci ta Duniya ta ƙara a Rantsuwar Jeniba, wato rantsuwar kama aikin likita, a 2017, inda likita ke alƙawarin kula da lafiyar kansa domin ya iya kula da wasu yadda ya kamata.

Sai abin da bai yiwu ba. Mun rubuta takardar neman a daina sa ɗalibi aikin dare in yana da jarrabawa washegari. Mun kafa hujja da binciken 1997 da mujallar Nature ta buga, wanda ya nuna cewa sa'o'i 17 ba barci na rage wa mutum kuzarin aiki kamar wanda barasa ta kai kashi 0.05 cikin ɗari a jininsa. Alƙawari muka samu, jadawali bai sauya ba. Za mu koma. Maza kuma har yanzu ba sa zuwa zaman sauraro sosai, sai dai su tare mai sauraro a hanya su yi magana a tsaye.

Kuskuren da ya fi yi mana ciwo namu ne. Mun bar masu sauraro da wayoyinsu a buɗe dare da rana, har a makon jarrabawa. Wasunsu suka fara nuna alamomin nan uku da Hukumar Lafiya ta Duniya ta zayyana a 2019 game da gajiyar aiki mai cinye mutum: ƙarewar ƙarfi, fitar aikin daga rai, da raguwar ƙwazo. Ba mu ankara da wuri ba, kuma muna neman afuwarsu. Yanzu aikin karɓa-karɓa ake yi, sannan suna da zamansu na wata-wata da masanin halayyar ɗan Adam.

Kuɗin mambobi ya tafi ne kan buga takardu da horar da masu sauraro. Littafin yana hannun ma'aji, kowa na iya duba shi ranar babban taro.

Muna da ƙarancin masu sauraro daga sashen harhaɗa magunguna da na gwaje-gwaje, musamman maza. Mai sha'awa ya miƙa sunansa ga sakatare kafin taron, domin horo zai fara ne a makon farko na zango mai zuwa, in Allah ya kai mu.

Sakatare, a madadin shugabannin ƙungiya