A ware wa 'yan makarantar kwana lokacin koyon zaman duniya

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka in yi magana da iyaye da shugabannin makarantun kwana, musamman na nan Zariya. Shekara 22 na yi ina aikin metiron a wata makarantar kwana ta 'yan mata kafin in yi ritaya, kuma abin da zan faɗa da idona na gan shi a ɗakin kwanan yara.

Wani dare cikin hunturu ina zagaye da tocila bayan an kashe fitila, sai na ji shessheƙa a bayan tankin ruwa. Ashe yarinya ce 'yar aji ɗaya, shekarunta ba su wuce 12 ba, tana tsugune gaban bokiti tana wanke zanenta, sanyi duk ya ƙandare mata yatsu. Kwana uku ke nan da al'ada ta fara zo mata. Ta ɗauka wata muguwar cuta ce, ta yagi soson katifarta tana tare jinin, ba ta ma san ko ta yi salla ko ta dakata ba. Na ce, "'Yata, me ya hana ki zo wurina?" Ta ce, "Mama, tsoro nake ji kada a kore ni." Yarinyar nan kuwa ita ke zuwa ta biyu a ajinsu. Har yau in na tuna sai zuciyata ta yi zafi.

Uwarta ta ɗauka makaranta za ta koya mata, makaranta kuma ta ɗauka an koya mata tun daga gida. To, yaron da ake kaiwa makarantar kwana yana ɗan shekara 11 ko 12, ya yi wata tara a can kowace shekara, wa ke rainonsa? Siniyoyi ne. Su ke sa shi ɗebo ruwa da wanki, su ƙwace masa furofishin, shi kuma ya koyi haɗiye kuka yana jiran ranar da zai rama a kan na baya.

Ga kuma batun kaya da kuɗi. Iyaye su cika akwati da garin kwaki da suga da madara da ƙuli-ƙuli, kafin mako na uku an ga ƙasan akwatin, sai gabza da cin bashi. Ba wanda ya taɓa zaunar da yarinyar ya nuna mata yadda za ta kasa kayan nan bisa makonnin zango. Ni dai nakan tara su ranar Asabar bayan duba tsafta, a gindin darbejiya, da allura da zare. Mu ɗinka maɓalli, mu rubuta abin da kowa ta kashe a bayan littafinta, mu gwada yadda za ki ce wa babba a'a cikin ladabi idan abin da ya nema bai dace ba. Amma da yake ba ya cikin jadawali, da jarrabawar WAEC ko NECO ta ƙarato sai a karɓe lokacin a ba ƙarin darasi.

Mu Zazzagawa muna alfahari da Kwalejin Barewa, kuma mun cancanta. A Katsina aka kafa ta a 1921, ta koma Kaduna a 1938, ta zauna a Zariya tun 1949. Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Shehu Shagari da Yakubu Gowon da Murtala Muhammad da Umaru Musa 'Yar'aduwa duk 'ya'yanta ne. Ban yarda allo da alli kaɗai suka gina su ba. Zama da yaran wasu garuruwa a ɗaki ɗaya, da filin wasa, da ɗaukar nauyin na ƙasa da kai, duk suna ciki, in akwai babban da ke sa ido.

Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi malamin ba da shawara a makarantun sakandare. A inda na yi aiki muna da shi, mutumin kirki, amma an lafta masa darussan aji, ba a buɗe ofishinsa sai lokacin raba yara zuwa ajin kimiyya ko na adabi.

Roƙona ga hukumomin ilimi na Jihar Kaduna da shugabannin makarantu shi ne a ware awa ɗaya kowane mako, a rubuta ta a jadawali yadda ba mai taɓa ta. Metiron da malaman ɗakunan kwana su jagoranta, a riƙa gayyato nas da malaman addini, na Musulmi da na Kirista. Kada kuma a ba ɗalibi muƙamin firifet sai an zauna da shi an nuna masa iyakarsa.

Ku kuma 'yan'uwana iyaye mata, ranar ziyara in an gama cin shinkafar da kuka kawo, ku ja yaran gefe ku tambaye su wa suke ɗebo wa ruwa, nawa ya rage a hannunsu. Wadda 'yarta za ta shiga aji ɗaya bana, ta sa mata audugar mata a akwati, ta buɗe ɗaya a gabanta ta nuna mata yadda ake sawa tun kafin motar tafiya ta iso.

Wassalam.

Tsohuwar metiron,
Tudun Wada, Zariya.